Naushin da Ya Tsaya Saura Yatsa Biyu

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da dama da suka wuce, ana ce masa Tanimu. Bawan Allah ne mai ƙarancin magana. Tun yana saurayi ya koyi kareti wajen wani tsohon soja, har ya kai yana fasa bulo da hannu. Ranar da ya kammala, tsohon ya sa shi ya ɗauki alkawari ɗaya: wannan hannun ba zai taɓa sauka a jikin mutum cikin fushi ba.

Masu shirya fim suka ji labarinsa, suka ɗauke shi. Sun ce fuskarsa ba ta jarumi ba ce, sai suka mai da shi bos, wato mugun da ake kashewa a ƙarshe. Shekara goma sha takwas yana wannan aiki.

To ku saurara, a nan maganar take. A faɗan fim ba a duka da gaske. Za ka kai naushi da dukkan ƙarfinka, ka tsayar da shi saura faɗin yatsa biyu ya taɓa fuska, kyamara ba ta ganin tazarar. Tanimu ya kai, ya tsayar. A kawo masa na ƙarya, ya faɗi. Kullum haka.

Jarumin da ke kayar da shi sunansa Hashimu. Bai taɓa faɗan gaske ba, amma yawan tafi ya sa ya yarda cewa ƙarfinsa ne ke kayar da Tanimu.

Wata rana da hantsi suka haɗu a kasuwa. Tanimu yana sayen albasa, Hashimu yana tafe da jama'a a bayansa. Wani mahauci ya ɗaga murya: "Jarumi, ga bos ɗinka can! Ashe bai mutu ba?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "An ce fa in ba a fim ba, ko kusa da shi ba ka iya zuwa."

Hashimu ya tako ya sharara wa Tanimu mari.

Tanimu ya rikice. Ya waiga dama yana neman kyamara, ya waiga hagu yana neman darakta. Babu kowa sai masu albasa. Ya ji ɗanɗanon jini a bakinsa.

"Hashimu, aiki muke yi ne?"

"Aikin me? Yau gari zai san gwani."

Hashimu ya ƙara masa na biyu. Nan idon Tanimu ya rufe, ya manta tsohon soja, ya manta alkawari. Hannun da ke fasa bulo ya tafi kai tsaye hancin Hashimu.

Ya tsaya, saura yatsa biyu.

Hashimu ya zube cikin kwandon albasa. Kasuwa ta kaure da gardama, wasu na cewa an doke shi, wasu na rantsuwa ba a taɓa shi ba. Tanimu ya miƙa masa hannu.

"Tashi, ƙanena. Ban taɓa ka ba."

Hashimu yana shafa hanci ya ce, "Ka tabbata?"

Bayan azahar Tanimu ya zauna gaban limamin unguwa, har lokacin bai dawo daidai ba. Ya ba shi labarin alkawarin da ya ɗauka da abin da ya faru a kasuwa.

"Allah gafarta Malam, mutane suna yabona wai na yi haƙuri. Ni kuwa niyyata in farfasa masa fuska. Hannun ne ya tsaya da kansa, saboda sabo. Na cika alkawari ko na karya?"

Liman ya ce, "Sau nawa ka tsayar da hannun nan a wajen aiki?"

"Ba ya ƙirguwa."

"To ina ka zaci haƙuri yake fitowa? Niyyar da ka yi, ka nemi gafararta. Alkawari kuwa, hannunka ya riƙe maka shi lokacin da zuciyarka ta sake."

Jama'a, ba a koyon haƙuri ranar da fushi ya zo. Abin da ka saba da shi, shi zai fito. Kai da ke zagin ɗan acaɓa kullum a kan hanya, kai da ba ka iya mayar da kalma ɗaya ciki a gidanka, kada ka zaci ranar babban ɓacin rai za ka kame. Ku fara tsayar da hannu da harshe tun a ƙananan abubuwa, yau da gobe, har su koyi tsayawa ko hankalinku ya gushe. Allah Ya ba mu ikon yi.