Ƙunar da A'i Ba Ta Ji Ba

Akwai wata mata a Ƙofar Dumi, sunanta A'i, amma a layi Maman Fati ake ce mata. 'Yan uwa, labarinta ya ɓata min rai, shi ya sa na kawo muku.

Wani ciwo ne ya kama ta wanda ba shi da suna. Ta ji kamar kiyashi na tafiya cikin fatarta, tafin ƙafa na zafi kamar ta taka garwashi, wani sa'in hannu ya mutu gaba ɗaya. Ga gajiya, ta tashi daga barci kamar wadda ta wuni tana daka. An je asibiti, an auna jini, an ɗau hoto, aka ce ba a ga komai ba.

To a layinsu akwai al'ada. In biki ya tashi, mata ke haɗuwa su tuƙa tuwo su soya masa. Wadda ba ta zuwa na mutane, ba a zuwa nata. Hajiya Sauda ce shugabar matan.

Da ciwo ya yi tsanani, A'i ta daina zuwa. Sai wata rana jikin ya ɗan sake ta, ta lallaɓa kasuwar Muda Lawal sayen shinkafar bikin 'yarta Fati. Nan suka yi kiciɓis da Hajiya Sauda.

"A'a, Maman Fati! Ashe ƙafar na zuwa kasuwa, gidan biki ne ba ta sani ba?"

"Hajiya, wallahi yau ne kawai na samu sauƙi."

"Likita ya ce ƙalau kike. Ke kin fi likita? Lalaci ne, mu ma duk muna gajiya."

Hajiya ta bi gida-gida ta ce duk wadda ta taka gidan A'i ranar bikin, ita ma ta nemi masu yi mata nata.

Ranar ta zo. Dangin ango na hanya, ga manyan tukwane a kan murhu, ba mai tuƙi. Matta ce kaɗai ta shigo, wata maƙwabciya 'yar Tafawa Balewa da ke sayar da kayan miya. Tana suyar masa, A'i ta ja jiki ta kama muciya.

Can sai ga Hajiya Sauda da mata a bayanta, sun zo kallo. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Kun gani ko? Ga mara lafiyar tana tuƙi!"

Matta ta juyo, sai ta saki cokali ta yi ihu.

"Maman Fati, hannunki!"

Talge ne ya fantsamo ya kwanta mata a bayan hannu, har fata ta tashi. Ita kuwa tana ta tuƙi, ba ta ji ba.

Matta ta fizge muciyar, ta tsoma hannun a ruwa. "Hajiya, matso ki duba! Wace maƙaryaciya ce wuta za ta ci namanta ta yi shiru? Ke sa yatsa ɗaya mu gani!"

Hajiya ta ce, "Ni ai ban sani ba..."

A'i ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, amma ranar ta ɗaga.

"Na faɗa miki, Hajiya. Na rantse miki. Wannan ƙunar ita ce ƙarama a cikin abin da nake ji kullum. Ita ce dai kawai kuke iya gani."

Matan suka sunkuyar da kai, wasu suka kama wankin shinkafa, wasu suka karɓi masa. Matta ta miƙa wa Hajiya muciya.

"Ungo. Ke da likita bai ga komai a jikinki ba."

Hajiya ta kama muciyar, ba kuma wadda ta karɓe ta. Ita kaɗai ta tuƙe tukwanen nan, gumi har cikin ido, sai da baƙi suka ci suka ƙoshi. A'i na zaune a tabarma, hannu a naɗe.

Darasi: Ba kowane ciwo ido ke gani ba, ba kuma kowanne asibiti ke ganowa ba. In ɗan uwanka ya ce yana ciwo, ka yarda da shi, kar ka jira sai wuta ta ba da shaida. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai irin A'i a layinku.