Sarki Da Wutar Sassaƙe

Masu labari sun ce an yi wani sarki da ya taso a gidan kakansa na wajen uwa, wani masassaƙi. Da ya manyanta, duk sa'ad da sanyi ya kama sai ya rasa sukuni. A hura masa itacen marke, a zuba turaren wuta, ya miƙa hannu ya janye, ya ce, "Wannan zafi ne kurum. Ni wutar kakana nake so, wadda yake hurawa da sassafe da guntayen da suka rage a wurin aiki."

Waziri bai yi wata-wata ba, ya sa dogarai suka bi ƙofar kowane masassaƙi a birnin, suka riƙa share sassaƙe da guntayen itace kaf kullum, ana tarawa a fada har tsibin ya kusa kai katanga. Aka hura. Sarki ya shaƙi hayaƙin, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ƙamshin ne, amma ba ita ba ce."

Sai aka kirawo dattijon masassaƙa, wai shi Cindo. Da yatsa shida aka haife shi, amma gizago ya cire guda, ya daidaita shi da jama'a. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya leƙa wutar kamar mai duba mara lafiya.

Sarki ya ce, "Baba, me ya rage mata?"

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, itatuwan dai na gane su. Wancan hancin ƙota ne, wannan gindin turmi ne, ni na sare shi jiya. Ya sarki, wutar nan mutum nawa ta sani?"

Sarki ya ce, "Wuta tana sanin mutane?"

"Ta kakanka fa, da wa da wa take gaisawa da safe?"

Sarki ya ce, "Iya Tabawa takan zo da fasasshen kasko ta ɗebi garwashi, tana zagin sanyi. Makaho Barmo yakan zo ya gasa rogo, ya ce mini in rufe ido mu yi daidai. Wasu tsofaffi kan cika zane da sassaƙe su tafi, kakana ko kai ba ya ɗagawa." Ya juya ya ce, "Waziri, a buɗe ƙofa, kowa ya zo ya ɗebi wuta!"

Aka buɗe, aka yi shela. Har hantsi ya ɗaga, ko akuya ba ta leƙo ba.

Cindo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, su ɗebi wuta su kai ta ina? Mu masassaƙa, abin da gizago ya zubar ba namu ba ne, na tsofaffin da ba su da mai yi musu itace ne. Haka muka gada. Yau kwana goma sha biyu murhunsu a mace, ga rabonsu nan kana shaƙa."

Waziri ya shiga gyaran rawani, ya rasa inda zai sa ido.

Sarki ya tashi, ya tattare rigarsa, ya cika ta da sassaƙe, ya ce wa Cindo ya shige gaba. Gidan farko suka tarar da wata tsohuwa ta dunƙule cikin tsumma. Sarki ya durƙusa yana hura mata murhu, hayaƙi na shiga masa ido. Ita kuwa ba ta gane shi ba, ta ce, "Kai ɗan nan, a hankali! Haka ake hura wuta a gidanku?"

Sarki ya yi dariya, sannan ya yi kuka, don rabon da a yi masa faɗa a bakin murhu shekara arba'in ke nan. Ya ce, "Baba Cindo, kakana ba zai dawo ba, na sani. Amma a mayar wa kowa nasa yau. Sarkin da ya ji ɗumi talakawansa na rawar ɗari, bai yi adalci ba, kuma shi ma ɗumin ba zai kai masa zuci ba."