Hannun da Aka Ce Yana Nan

Akwai wata malama mai koyar da wasan alkafura a wani tsohon ɗakin motsa jiki mai tagogi biyar. Ku natsu ku karanta, ban son mai tsallake layi.

Yara na zuwa wurinta, 'yan mata na zuwa, har da manyan mata waɗanda likita ya ce su riƙa motsa jiki. Kowa ya zo, daga ƙasa zai fara. Sati biyu cur ba ta barin mutum ya yi tsalle. Faɗuwa take fara koyarwa: a manna haɓa da ƙirji, a dunƙule, a mirgina a kan katifa. Daga nan sai adungure, sai tsayuwa a kan hannu a jikin bango.

Wajen ɗora sabon shiga a hanya, babu kamarta. Aibinta ɗaya ne. Idan an zo alkafurar baya, wadda mutum ke jefa kansa ta baya ya juya a iska ya dira da ƙafa, sai ta ɗora tafin hannunta na dama a gadon bayan ɗalibi, kuma ba ta cirewa. Wata uku, wata shida, shekara. Ko ɗalibi ya ƙware, hannun nan yana nan.

Shi ya sa yara suka sa mata Malama Riƙau. Masu son ci gaba sukan gaji su koma wurin wasu malamai.

Akwai kuma abubuwan da ɗalibai suka lura da su, ba su san dalili ba. A ƙarƙashin taga ta uku takan shimfiɗa katifa biyu, ɗaya kan ɗaya, amma ba ta barin kowa ya yi wasa a wurin. Ita ma kewayewa take yi. Sannan kullum da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ko ana tsananin zafi, sai a ga ta cusa hannun dama a hammata kamar mai jin sanyi.

Wata ɗaliba mai rawar kai ta taɓa kama hannun, ta sake shi da sauri.

"Malama, ƙanƙara kika riƙe?"

"Koma layi," in ji ta.

Ga abin da ba su sani ba.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a wannan ɗakin, Malama tana 'yar shekara goma sha tara, ita ce gwanar 'yan wasa. Tana da ƙanwa, Auta, 'yar sha uku. Auta ta iya alkafurar baya sarai, amma sai in hannun yayarta yana bayanta. Da an ce ta yi ita kaɗai, sai tsoro ya hana ta.

Abin ya riƙa ba yayar haushi. Ta riga ta cika baki a gaban ƙawaye cewa kafin sati ya ƙare ƙanwarta za ta yi ba mai riƙe ta.

Ran nan da yamma, wajen ƙarfe huɗu, kowa ya watse, saura su biyu, a ƙarƙashin taga ta uku.

"Yaya, kina riƙe da ni?"

"Ina riƙe da ke, matsoraciya. Hannuna yana nan. Tafi!"

Auta ta durƙusa, ta jefa kanta. A daidai lokacin yayar ta janye hannu ta ɓoye shi a baya. Niyyarta idan yarinyar ta dira ta ce mata, kin gani, ke kaɗai kika yi. Amma Auta tana sama ta ji babu hannu, ta waiga tana neman sa. Wanda ya waiga a tsakiyar juyi ba ya ƙarasawa.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an ajiye buhun gari a ƙasa.

Tun daga ranar Auta ba ta sake taka ƙafarta ba. Da aka tambayi yayar, sai ta ce santsi ne, ƙafa ce ta zame, ta yi ƙoƙarin tarewa abin ya fi ƙarfinta. Iyaye suka yarda. Auta ba ta musa ba.

Yayar ta yi jinya iya jinya. Ita ke wanka, ita ke ɗauka, ita ke tura keken guragu. Mutane suna cewa Allah Ya ba kowa 'yar'uwa irin wannan, ita kuwa duk yabon da aka yi mata sai ta ji kamar an zuba mata garwashi. Gaskiyar dai ba ta faɗa ba. Ta zama malama a ɗakin, kuma duk yaron da ya dira a katifa, a ƙarƙashin dirarsa tana jin ƙarar buhun nan.

Auta kuwa ta koyi ɗinki da keken hannu, ta yi aure, ta haifi 'ya mace. Yarinyar ta taso ba ta iya zama wuri ɗaya. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa saman katanga. Suka sa mata Kyanwa.

Da Kyanwa ta kai shekara goma, Malama ta je gaishe su, ta tarar da ita ƙafa sama kai ƙasa a tsakar gida.

"Sauko!" Malama ta daka mata tsawa.

Auta tana ɗinki, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Yaya, ni na gaji da tsawa. Jiya ta fasa min madubi da diddige. Ko ki koya mata a kan katifa, ko ta koya wa kanta a kan siminti. Zaɓi ɗaya."

"Ke, a bakinki wannan maganar take fitowa?"

"To a bakin wa za ta fito? Ƙafafun da ban mora ba ne aka haɗa mata da nata, shi ya sa suka yi mata yawa."

Haka Kyanwa ta fara zuwa. Ta yi sati biyunta na faɗuwa tana gunaguni. Wata huɗu ta iya abin da wasu ke shekara ba su iya ba. Aka zo alkafurar baya, hannun Malama ya manne a bayanta.

"Inna, ai na iya. Cire mana."

"Ba ki iya ba."

"Wallahi ko taɓa ni ba kya yi sosai. Hannunki sanyi kawai yake sa min."

"Na ce ba ki iya ba."

Wata biyu ana haka. Rannan sai Kyanwa ta zo da ƙulu a goshi kamar ƙwai, da kurjewa a kafaɗa. Malama ta tsare ta da ido har ta faɗi gaskiya: a bayan gida ta gwada, ita kaɗai, a kan siminti.

"Tunda ke ba za ki bar ni ba, Inna. Gobe ma zan sake. Saura kaɗan na dira."

Nan take Malama ta gane. Riƙon da take yi don ta tsare yarinyar, shi ne ke tura ta inda ba katifa, ba mai tarewa.

Washegari da yamma, ɗalibai sun watse da wuri, Kyanwa na can ƙarshen ɗaki tana naɗe katifu, sai Malama ta ji ƙarar taya a bakin ƙofa. Auta ce. Rabonta da ɗakin nan tun ranar da aka fitar da ita a hannu.

Ta turo kekenta a hankali, tana ƙirga tagogi da ido. Ta wuce ta ɗaya, ta wuce ta biyu, ta tsaya a gefen katifun nan biyu.

"Har yanzu ba a gyara gilashin nan ba," in ji ta. "Ina kwance a nan shi nake ta kallo."

Agogon bango ya nuna ƙarfe huɗu. Malama ta cusa hannu a hammata.

"Yaya, me ya sa ba kya sakin 'yata?"

Malama ta buɗe baki za ta ce yarinyar ba ta ƙware ba, sai ta fasa. Ta durƙusa a kan katifar da ta shekara ashirin da biyu ba ta taka ba.

"Auta, ba santsi ba ne. Ƙafarki ba ta zame ba. Na ce miki hannuna yana nan, na cire shi. Da gangan na cire."

Can daga nesa Kyanwa tana ta jan katifa.

"Na sani," in ji Auta.

Malama ta ɗago.

"Bayana ne fa, Yaya. Ya za a yi ban sani ba? Shekara bakwai na yi ina tsanar hannun nan. Kina min wanka da shi ina kallon sa. Daga baya na gaji, na yafe. Ban faɗa miki ba, don ba ki tambaya ba."

"Me ya hana ki tona ni?"

"Jira nake ki tona kanki. Ban san za ki kai ni har furfura ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Kuma ki ji da kyau, don na ga har yau ba ki gane laifinki ba. Cirewar ba ita ce ta kayar da ni ba. Kowane malami yana cire hannu wata rana. Cewa kika yi yana nan. Da kin ce za ki cire, ko na ƙi, ko na shirya. Amma na tafi sama ina dogara da abin da babu."

Ta ɗaga murya. "Ke Kyanwa, sarkin rawar kai, zo nan."

Malama ta miƙe, ta tsaya a gefen yarinyar, ta ɗora hannu a bayanta.

"Ki saurare ni. Zan cire hannuna. Ba zan taɓa ki ba. Ina tsaye a nan, idan kin karkace zan tare ki. Kin yarda?"

Kyanwa, mai cika bakin nan, ta dubi katifa, ta dubi keken uwarta.

"Inna... ba yau ba."

"To, ba yau ba. Hannuna yana nan."

Kuma yana nan ɗin. Yarinyar ta juya da hannun a bayanta har ta dira.

Kwana tara suna haka, Auta na zuwa kullum tana kallo. Ran na goma Kyanwa ta gyara tsayuwa, ta ce, "Inna, cire."

"Na cire. Ga shi, duba."

Ta nuna mata tafin hannu biyu. Kyanwa ta duba, ta ja numfashi, ta tafi. Ba ta waiga ba, don babu abin da take nema. Ta dira da ƙafa biyu, dim, ta tsaya cak.

Malama ta kasa kunne. Dira ɗaya ta ji, babu wata ƙara a ƙarƙashinta.

Kada ku ce min daga nan komai ya gyaru. Auta ba ta tashi daga keke ba, kuma ba za ta tashi ba. Abin da aka karya da ƙarya ɗaya, kuka ba ya ɗora shi.

Amma da za su tafi, Auta ta kamo hannun yayarta na dama, ta kai shi bayanta, ta ɗora a tsakiya.

"Daga nan zuwa ƙasa ba na jin komai. Nan ne wuri na ƙarshe da nake ji. Daidai inda kika cire."

Malama ta bar hannun a wurin. Ba ta tura keken da hannu biyu ba ranar. Da hagu ta tura har gida.

Darasi: Idan ka ce wa mutum kana riƙe da shi, to ka riƙe. Idan za ka saki, ka faɗa masa da bakinka, ya shirya. Kada ka yi wa mai koyo ƙarya da sunan ƙarfafa masa gwiwa, kuma kada tsoronka ya sa ka riƙe shi har abada. Wanda kuma ya san ya ɓoye wani laifi, ya je ya faɗa tun mai haƙƙin yana da rai. Ku tura wa iyaye da malamai, da duk wanda aka damƙa wa ɗan wani a hannu.