Zakaran Tabawa a Gaban Alƙali

An yi wata Tabawa mai yajin daddawa a Bichi. Irinmu ce, ko takarda aka aiko daga makarantar yara sai ta tsorata. Da hannunta ta zana zakara a ledar yajinta, sai Alhaji Tanimu mai kamfanin yaji, wanda shi ma zakara ne a ledarsa, ya maka ta kotu, wai ta sace masa tambari.

Alƙali ya ce, "Ki kawo shaidar ba nasa kika kwaikwaya ba, ko a ƙwace kayanki yau."

Ina ake samun shaidar abin da ba a yi ba? Tabawa ta ce, "Allah ya gafarta malam, mutane dai cewa suke kamar tagwaye. Wasu ma sun ce nawa ya fi kyau."

Alhaji ya zabura. "Wannan? Agwagwa ce mai mura! Ko makaho ba zai haɗa ta da zakarana ba!"

Tabawa ta ce, "To, a rubuta. Ga shaidata nan."

Alƙali ya kori ƙarar. Tabawa ta fito tana duban ledar, ranta a ɓace.

"Agwagwa na yarda. Amma mura kuma?"