Manomin da Ya Kafa Rumfar Kuka

Wani mutum ne yake da gonar gero mai faɗi, da barori uku masu yi masa noma: Dogara, da Shekarau, da Anaruwa. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya riga fita kunyarsa, ya juyo ya kama ta wanda ke baya. Dogara kuwa mai saurin hannu ne, kuma duk abin da aka ce masa, amsarsa ita ce, "To, maigida."

Da maigidan ya ga haka, sai ya ce a ransa, "Mai Dogara ba ya jin tsoron ciyawa." Ya ƙara gona ta gabas, ya ƙara ta yamma, amma bai ƙara ko fartanya ɗaya ba.

Damina ta sauka, ciyawa ta taso kamar an aiko ta. In ba a gama noman fari cikin kwana goma ba, za ta shanye geron. Maigidan ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, yana ta kira, "Kai Shekarau, noma kake ko sosa wa ƙasa baya? Dubi Dogara!"

A rana ta uku Shekarau ya duba gaba bai ga ƙarshen kunya ba, sai ya fashe da kuka. Maigidan ya ce, "Ƙasa ce ta shiga masa ido. Dogara, kama kunyarsa."

Washegari Anaruwa ma ya soma nasa. Maigidan ya yi dogon tunani, ya ce, "Hawaye akwai gishiri, zai ƙone mini gero. Ni kuma ba azzalumi ba ne. Za a kafa rumfa a bakin gona, duk mai kuka ya je can ya yi a inuwa. Amma bi da bi za a yi, kowa gwargwadon cin goro ɗaya."

Anaruwa ya share hanci ya ce, "Wa zai kafa ta, ranka ya daɗe?"

"Dogara mana, in ya fita kunyoyin nan uku."

Dogara ya ce, "To, maigida." Ya saro itace, ya kafa rumfa. Shekarau da Anaruwa suka riƙa shiga bi da bi, har da gardama. "Fito haka nan, goronka ya ƙare!" "Ƙarya kake, ban ma kai tsakiyar kukan ba!" Dogara dai layinsa bai taɓa zuwa ba, gama ba wanda zai riƙe masa kunya.

A rana ta bakwai da tsakar rana, inuwar ɗorawa ta gusa daga kan tabarma. Maigidan ya ɗaga murya, "Dogara! In ka fita, zo ka ja mini tabarmar nan."

Dogara ya ce, "To, mai..." Bai ƙarasa ba. Ya ajiye fartanya a hankali, ya zauna a tsakiyar kunya, ya buɗe baki ya yi ruri irin na bijimi.

Maigidan ya miƙe. "Kai, ba a nan ake yi ba! Ga rumfa can! Layinka ma bai zo ba!"

Da sauran biyun suka ga wanda suke jingina da shi ya faɗi, suka zo suka zauna kusa da shi, suka kama masa. Kukan ya kai cikin gari. Mutane suka fito a guje, mata sun ɗora hannu a ka. Dattawa suka kewaye maigidan suna cewa, "Sannu da haƙuri. Wa muka rasa?"

Ya ce, "Ba wanda ya mutu! Ku daina taka mini gero!"

Wata tsohuwa ta durƙusa gaban Dogara ta ce, "Ɗana, yaushe rabonka da hutu?" Ya yi ta ƙirga da yatsu, bai samo ranar ba. Ta juya ga maigidan ta ce, "Ashe sammakon gaisuwa muka yi. Ci gaba da yadda kake yi, za mu dawo."

Kunya ta kama maigidan. Ya fizgi fartanya don ya nuna musu noma ba wani abu ba ne. Bai kai rabin kunya ba ƙugunsa ya riƙe, sai da mutum biyu suka miƙar da shi. Dogara ya kwanta mako biyu bai iya ɗaga ko ludayi ba. Ciyawa ta cinye gonar gabas da ta yamma, ta haɗa da rabin ta asali.

'Yan'uwa masu bi, ga fassarar misalin, kuma ina roƙo a daina dariya a saurara. Gonar ita ce wurin aikinka, ko ofis ne, ko asibiti, ko shago. Dogara shi ne mutumin nan da ba ya cewa a'a, wanda ladan ƙwazonsa kullum ƙarin aiki ne. Rumfar kuwa ita ce duk dabarar da shugaba zai yi don kada ya rage kaya: "yi haƙuri," da "kai ne gwarzonmu," da taron bita a kan yadda ake jure gajiya, wanda ake sa wa ranar Asabar.

Ba labarin kanzon kurege nake muku ba. Shekara talatin da huɗu na riƙe alli ina koyarwa. Na ga wata malama mai riƙe da azuzuwa uku ta ɓuya a bayan allo tana kuka, da jan biro a hannunta. Me aka yi mata? An ba ta takardar yabo, aka ƙara mata aji na huɗu. Ni ma ina wurin, na ce mata "sannu," na wuce. Har yau abin yana ci mini rai. "Sannu" ba ta taɓa gyara littafi ko ɗaya ba.

Kada kuma mu leƙa nesa. A ikilisiyar nan akwai mace guda da take shara, ta koyar da yara, ta yi girkin baƙi, ta ja waƙa. Ba zan faɗi sunanta ba, ga shi duk kun waiwaya kun dube ta.

Allah da kansa ya ajiye ranar hutu, ban san wanda ya ba ku izinin soke ta ba. Saboda haka ba addu'a kaɗai nake nema ba, gyara nake nema. Kai mai mutane a ƙarƙashinka, gobe Litinin ka kira Dogaranka, ka nemi gafararsa da bakinka, ka sauke masa kaya guda, ka faɗi sunan wanda zai ɗauka. In babu, ka rage gonar. Kai abokin aiki, ka je ka karɓi kunyarka da ya daɗe yana riƙe maka.

Wannan aikin gida ne na ba ku. Waɗanda na koyar a cikinku sun san ban taɓa ba da aikin gida na manta ban duba ba.