Ranar da Ɗan Rakiya Ya Hau Jirgi

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke bayan Tsanyawa, sunansa Malam Iliyasu. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko akuyarka ta shiga masa gona sai ya koro maka ita har gida, ya kuma tsaya ku gaisa.

Yana da 'ya mai shekara goma, kowa Maijidda yake ce mata. Asalin sunanta Hauwa'u, sunan marigayiya mahaifiyarsa aka mayar mata. To kun san mu da alkunya, wa zai buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsal? Tun daga ranar suna ba a sake jin Hauwa'u a gidan ba. Har a Islamiyya da Maijidda aka san ta.

A shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, hanyar Abuja kuma masu garkuwa da mutane suka hana kowa sakat. Ana cikin wannan hali sai ga labari mai daɗi: Maijidda ta zo ta ɗaya a musabaƙar izu biyar da wata gidauniya ta shirya, za a yi zagayen ƙarshe a Abuja. Gidauniyar ta ce ba za ta jefa yara a hanya ba, ta jirgi za a je, yarinya da mai kula da ita mutum ɗaya. Amma duk wanda bai isa can ya yi rajista ba kafin ƙarfe biyar na yammacin Asabar, an cire shi.

Ranar nan guɗa har maƙwabtan ƙauyuka. Mata suka cika gidan, wannan ta kawo turare, waccan ta kawo ƙwai. Aka yi wa Maijidda lalle, tela ya ture ɗinkin kowa ya kama nata. Wata tsohuwa ma ja ta gefe ta yi, ta ce in sun yi sama ta leƙa ta gani ko ana hango gonarta.

Sai maganar wanda zai raka ta. Malam Iliyasu yana da ƙane, Badaru, mai sayar da kayan waya a Bacirawa. Badaru ya taɓa hawa jirgi sau ɗaya zuwa Legas, kuma wallahi babu wanda bai sha labarin ba. Ya ce wannan ba harkar manoma ba ce, shi zai je. Shi ya tura wa gidauniyar sunayen da za a sa a tikiti: nasa, da Maijidda Iliyasu.

Luba, mahaifiyar yarinyar, ta tambaye shi ko za a tafi da takardar haihuwa. Badaru ya yi dariya har da buga cinya, ya ce tafiyar cikin gida ce, yaro ba ya buƙatar komai, fuskarsa ce shaidarsa. Luba ba ta ja da shi ba. Ta dai naɗe takardar a leda ta ba mijinta, tunda shi ma zai raka su filin jirgi.

Safiyar Asabar rabin ƙauyen ya fito bakin titi. Badaru ya sha babbar riga da baƙin tabarau. Malam Iliyasu kuwa kaftaninsa na Juma'a ne da silifas, don shi a ransa kafin la'asar ya dawo.

A filin jirgin Kano, Maijidda ta rasa inda za ta sa idonta don murna. Suka bi layi har gaban wata ma'aikaciya mai suna Sakinatu. Ta karɓi katin Badaru, sannan ta nemi shaidar yarinyar: takardar haihuwa, ko katin makaranta mai hoto.

Badaru ya fara yi mata bayanin yadda aka yi a tafiyarsa ta Legas. Kafin ya yi nisa, Malam Iliyasu ya miƙo ledar daga baya.

Sakinatu ta dubi takardar, ta dubi kwamfuta. Ta ce a tikiti Maijidda ce, a takarda Hauwa'u, kuma a ƙa'idarsu ba a shigar da yaro jirgi sai sunan ya zo ɗaya. Ta ce ita ma Bahaushiya ce, ta san yadda abin yake, amma da irin wannan ƙa'ida ake tare masu safarar 'ya'yan mutane.

Nan fa Badaru ya hau sama tun kafin jirgi. Ya daki teburin, ya ce ba ta san da wa take magana ba, ya zaro waya ya kafa mata kyamara a fuska. Aka ba shi baki ya ƙi ji. Da jami'an tsaro suka zo ya fizge hannunsa yana zage-zage, sai suka wuce da shi ofis. Manaja ya fito ya ce wannan fasinja ba zai shiga jirginsu yau ba.

Maijidda ta fashe da kuka. Saura minti arba'in a rufe karɓar fasinjoji, kuma babu wani jirgin da zai kai ta kafin biyar.

Malam Iliyasu ya matso. Ya ba Sakinatu haƙuri a kan abin da ƙanensa ya yi, sannan ya ce, "'Yata, mu mutanen ƙauye ne, laifin namu ne. In akwai hanyar gyara, nuna mini, zan bi."

Sakinatu ta sake duba takardar. Ta ce wanda ya sayi tikiti ne kaɗai zai iya neman a gyara suna. Da wayarta ta kira jami'in gidauniyar, Malam Muntaka, ta yi masa bayani, ta miƙa wa uban.

Malam Muntaka ya ce ya faɗa masa sunan yarinyar yadda yake a takarda. To sunan mahaifiyar Malam Iliyasu ne. Tunda ya yi wayo bai taɓa furta sunan nan ba. Ya kalli 'yarsa tana share hawaye da gefen sabon hijabinta, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Hauwa'u. Hauwa'u Iliyasu."

Cikin minti goma aka gyara. Sai kuma wata: yarinya ba ta da mai kula da ita. Malam Muntaka ya tambaya ko uban yana da shaida a jikinsa. Ashe katin ɗan ƙasa ba ya barin aljihunsa, saboda rabon taki da ake ta yi musu alkawari. Nan take gidauniyar ta yanka masa sabon tikiti.

Jama'a, ku zo ku ga gudu da silifas! Sakinatu a gaba, Maijidda na dariya da guntun hawayenta, Malam Iliyasu na salati. A ƙofar jirgi ya kira Luba ya ce a ba tumaki harawa, shi ya tafi Abuja. Ta zaci wasa yake yi, sai da ta ji muryar Maijidda, sannan ta saki guɗa a cikin wayar.

Da jirgi ya ɗaga, uban ne ya damƙe hannun 'yar, ita kuma tana ce masa, "Baba, buɗe idonka ka ga gonaki."

Ƙarfe huɗu saura suka yi rajista. Washegari ta hau ta karanta, ta zo ta biyu. Badaru kuwa sai da ya rubuta takardar ban haƙuri aka sake shi, ya koma Bacirawa a adaidaita sahu da babbar rigarsa a kafaɗa.

Darasi: Ɗaga murya ba ya gyara takarda, amma ladabi da haƙuri suna sa wanda ba ka sani ba ya tsaya maka. Iyaye, in yaro zai hau jirgi, ko da tafiyar cikin gida ce, ku tambayi kamfanin abin da yake buƙata, ku riƙe takardar haihuwa, kuma ku ba da sunan yanka, ba sunan gida ba. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman wanda ya taɓa hawa jirgi sau ɗaya.