Sauke-Tulu, Hanyar Cindo Maharbi

A zamanin da dajin yamma bai san gatari ba, lokacin da giwa ke kiwo a inda kasuwa take ci yanzu, an yi wani maharbi da ake kira Cindo. Da yatsa shida aka haife shi a hannun dama, kuma tsofaffi sun ce da na shidan yake jan tsarkiya, shi ya sa kibiyarsa ba ta kuskure. Idan ɓauna ta taso masa, sai ya rikiɗa ya zama kututture, ta sansana ta wuce. Kirarinsa shi ne: Cindo dodon gwanki, mai karanta sawu a kan fa, na Dutsen Zabi ba ka ɗaga kai. Wannan na ƙarshen gaskiya ce tsagwaronta, domin idonsa kullum a ƙasa yake, yana neman sawun dabba.

Wata shekara da rani ya tsananta, ya harbi wani gwanki a gindin Dutsen Zabi. Gwankin ya haye dutsen ta wata siririyar hanya da ke manne da bakin kwazazzabo, Cindo na biye. A can sama dabbar ta girgije, kibiyar ta fice daga jikinta ta kafe a jikin dutse, gwankin kuwa ya ɓace. Da Cindo ya zare kibiyarsa sai ruwa ya biyo ta, garau, mai sanyi har cikin haƙori. Ya sha, ya gode wa Allah, ya sauko ya kafa bukka a gindin dutsen, don dama yawo ya ishe shi.

Labarin ruwa ba ya ɓuya. Maƙera suka zo, marina suka biyo su, manoma suka cike sauran fili, har gari ya tashi da unguwanni uku, aka sa masa suna Gangare. Cindo ya zama maigari. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa ba abokin hira sai kare, yanzu ƙarar taɓarya ke tashinsa da safe, kuma ba abin da yake so a duniya kamar wannan hayaniya.

Sai dai hanyar ruwa ta zama masifa. A tsakiyarta akwai wani lanƙwasa inda ƙasa duka take buɗewa a gaban mutum, daji da fadama da kogi can nesa kamar an shanya farin zane. Da hantsi kyan wurin ya fi ƙarfin ido, saboda haka kowace unguwa hantsi take so ta ɗebi ruwa. Mace za ta sauko da tulu a ka, ta karkata wuya ta ɗan kalla, ƙafa ta goce, tulu ya tafi kwazazzabo. Masu hawa su yi karo da masu sauka. Maƙera suka ce marina ne ke cika hanya, marina suka ce manoma ba su iya tafiya ba, aka fara ba hammata iska a bakin marmaro.

Dattawa suka taru a ƙarƙashin tsamiya. Cindo ya saurari kowa, ya rasa gane abin da zai sa mai hankali ya ɗauke ido daga inda zai sa ƙafa. Ya yanke hukunci a kafa zana tun daga farkon lanƙwasan har ƙarshensa, a rufe kallon kowa ya huta. Dattawa suka ce kai, wannan dabara ta yi.

Mutanen Gangare kuwa, Allah ya yi su da son ganin ƙwaƙwaf. Kafin a jima zanar nan ta cika da huji, kowa da nasa daidai tsayin idonsa. Da can kallo ake yi ana tafiya, yanzu sai an jingina. Ran nan Tasalla, matar Nomau Sarkin Marina, mace mai jiki masha Allah, ta kafa ido a hujinta, zana ta ce ba za ta iya ba. Allah ya taimaka wani kalgo ya riƙe mata zane, ta yi ta reto a bakin rami tana zagin maigari da dattawansa ɗaya bayan ɗaya, har aka kawo igiya aka jawo ta.

Nomau ya rantse ba zai ƙara kwana da mutanensa a garin da shan ruwa ke neman rai ba. Maƙera suka ce in marina sun tashi su ma sun tashi. Hankalin Cindo ya tashi, tsoro ya kama shi irin wanda ɓauna ba ta taɓa sa masa ba, domin ya ga zai koma daga shi sai karensa.

Akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, sunanta Ige, sa'ar Cindo ce, kuma ba ta shakkar kowa. Ita kaɗai fashewar tuluna ta yi wa rana, amma bayanta ya gaji da durƙuso. Ta same shi hannunta duk yumɓu.

Ta ce, "Maharbi, kai ka taɓa ganin abin da suke kallo?"

Ya ce ai shi ya fara taka hanyar nan, ba tsakuwar da bai sani ba.

"Tsakuwa na tambaye ka? Tashi mu je."

Suka hau da hantsi. A lanƙwasan Ige ta yaye zana, ta zaunar da shi a kan dutse, ta sa hannu ta ɗaga masa haɓa kamar mai ba yaro magani. Cindo ya duba. Dajin da ya sani sawu-sawu, yau ya gan shi gaba ɗaya, ga garken giwaye ƙanana kamar tumaki, ga kogi yana ƙyalli. Hawaye na bin gemunsa, yana dariya.

Can ya ce, "Ige, ashe wannan na hana mutane."

Ta ce, "Shi fa. Ga marina can suna ɗaura wa jakuna kaya, in ka gama kuka."

Ya sauko da sauri ya sake tara dattawa, aka warware hukuncin farko. Maƙera za su fasa dutse a faɗaɗa lanƙwasan, manoma su jera katangar duwatsu iya ƙugu, a yi dakali da guraben ajiye tulu. Aka kafa doka cewa ba mai wuce wurin da kaya a ka. Sai ya sauke, ya zauna, ya yi kallo har ya ƙoshi, sannan ya tafi idonsa a kan hanya. Hantsi kuma aka raba shi, yau na maƙera, gobe na marina, jibi na manoma, sauran su ɗebi nasu in rana ta yi sama.

Nomau ya so ya cije a kan rantsuwarsa. Tasalla ta zauna a kan kayan da aka ɗaure ta ce ba inda za ta sai ta ƙarasa kallon da ta fara. Nomau ya yi kaffara, aka kwance jakuna. Daga ranar ba a sake jin tulu ya faɗa kwazazzabo ba, har Ige ta koma mitar cewa an kashe mata sana'a.

Yau Gangare ya zama babban gari. Ƙaramar hukuma ta ja bututu daga marmaron, amma har gobe da zagaye ake sakar wa unguwanni famfo, kuma da safe za ka ji mata suna tambaya ta kan katanga, yau hantsin wa? Da aka zo zuba kwalta, masu aikin sun so rushe dakalin su miƙar da hanya. Kansilolin unguwanni ukun nan, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, suka ce a kewaye shi, aka kuma kewaye.

Sunan wurin Sauke-Tulu, ko da yake tulun ya zama jarka. Direba ɗan gari ba ya wuce shi sai ya tsaya ya kashe mota, fasinjoji su fito su miƙe ƙafa. Ko amarya aka ɗauko, sai an tsaya ta ɗaga lulluɓi ta kalla. Idan kuwa ka ga mota ta sheƙo ba ta tsaya ba, direba na leƙe ta taga, tsofaffin da ke dakalin sukan girgiza kai su ce baƙo ne, Allah ya sauke shi lafiya.